Wasiƙu Huɗu da Yayana Bai Gani Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Sani Balarabe, daga Kusfa, cikin birnin Zariya.

Ina da kwamfuta a shagona wadda na haɗa da kaina, ina taya mutane aika wasiƙun imel. Da mahaifinmu ya kwanta ciwo, kullum sai ya ce, "Sani, ka gaya wa yayanka?" In ce, "Na aika, Baba." Sau huɗu na rubuta wa Yaya Habibu a Ingila, don ba mu da lambar wayarsa. Shiru.

Bayan sadakar arba'in, saƙonsa ya zo yana tambayar lafiyar Baba. Sai da wani matafiyi ya kai masa takardata, ya amso, muka gane cewa na'urar wurin aikinsa ce take zubar da saƙonnina, wai sun yi kama da na 'yan damfara.

Har yau ban yi kuka ba. Ina buɗe shago, ina rufewa.

Masu sanin harkar nan, ku ba ni shawara yadda zan gyara. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa kowace Juma'a tana tambaya ko ɗanta ya amsa, kuma ban san me zan ce mata ba.