Maslahar da Anka Yi Babu Mu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Zugu nake rubutowa, raina a ɓace.

Ranar zaɓen wakilan da za su fidda ɗan takarar shugaban ƙasa, mu matasa munka hau babura zuwa Bukkuyum, Inna tana roƙona in zauna saboda ɓarayin daji. Muna isa anka ce, "Ku koma gida, manya sun yi maslaha, sun zaɓa." Na ce, "To, wa ya tsaya wa matasa?" Sai anka nuna min shugaban matasan jam'iyya, dattijon da jikansa abokin karatuna ne!

Mu ke manna hotuna, mu ke ihun "sai ka yi". Masu sauraro, ku faɗa min: sai na yi furfura zan zama matashi?