Ammu Abdulganiyyu Bai Taɓa Sallamar Ɗan Wasa a Waya Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Umda mai unguwar Rusaifa, limamin masallacinmu, dattawan unguwar Tandabawi da kuka taso duk da ciwon gwiwa, ina gaishe ku. Hajiya Sa'adatu, uwarmu, matar marigayi, da ke jin mu daga ɓangaren mata, da Hisham da Raghad 'ya'yan marigayi, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ne Awwalu, mai horar da 'yan ƙwallon unguwar Shisha, kuma a hannun marigayi Ammu Abdulganiyyu, wato Baffa Abdulganiyyu, na fara taɓa ƙwallo.

Ya kasance uban ƙungiyar Matasan Rusaifa tun muna wasa a turɓaya, ragarmu duwatsu biyu. Ya kasance mai faɗa, wallahi babu wanda bai sha ba a cikinmu. Ya kasance kuma mutumin da bai taɓa sallamar ɗan wasa a waya ba.

Shekarar da ƙungiyar ta bar gasar unguwanni ta koma gasa mai rajista, aka ce kowa sai ya sa hannu a kwantiragi, kuma gurbin waɗanda ba 'yan ƙasa ba kaɗan ne. Rabinmu kuwa iyayenmu ta Sudan da Chadi suka zo, ko da yake nan aka haife mu. Aka ba shi shawara ya tura mana saƙon ban haƙuri, ya ɗauko sababbi. Ya ce, "Yaron da na je har gida na roƙi uwarsa kafin ya sa rigarmu, shi zan sallama da saƙo? Abadan!"

Haka ya riƙa ɗaukar mu a tsohuwar motarsa, ƙungiya ƙungiya, sai da kowa ya samu wuri. Ni Shisha ya kai ni. Ina zaune ina cika ina batsewa, shi kuwa yana ta tallata ni ga mai horar da su: "Ƙafar hagu gare shi, amma raggo ne, ka riƙa yi masa tsawa." A gasar Ramadan ta wannan shekarar aka haɗa mu da Rusaifa, na zura musu ƙwallo. Ina waiwayawa sai ga Ammu ya manta ɓangaren da yake, yana tsalle har ƙyallen kansa ya faɗi. Ran nan na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Yau ga shi ƙungiyar ta sake samun damar hawa gasa ta gaba, za a sake rage 'yan wasa, mai kai su kuma ya tafi. Hisham, kai da ƙungiyar ke hannunka yanzu, na ji ka ce gara a haƙura da hawan da ka cire yaran babanka. Kada ka haƙura, ya akhi, ɗan'uwana. Ka sa hannu, ku hau. Mu da ya kai ƙungiyoyi da kansa, yau mu ne masu horarwa a Shisha da Tandabawi, kuma mun yi magana tsakaninmu. Rabe, mai tsaron raga, tun ɗazu kanka a sunkuye, ɗago. Ni zan zo gidanku in gai da mahaifiyarka, in roƙe ta ta bar ka ka sa rigar Shisha. Sauranku ma kowa da mai zuwa ɗaukarsa.

Mun gode muku da kuka zo. Allah ya jiƙan Ammu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓe shi hannu biyu yadda ya sa aka karɓe mu. Amin.