Alhaji Ya Tare Gurbin Kawu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Guangzhou nake rubuto muku. An san ni da tsokana, amma yau raina a ɓace yake.

Kawuna a keken guragu yake, ni nake tuƙa shi a motar aro. Ranar Talata na kai shi kasuwar Shisanhang, na tarar wani Alhaji ɗan garinmu, ƙato lafiyayye, ya tare gurbin ajiye motar nakasassu yana lodin kwalaye. Na roƙe shi, ya ce, "Yaro, nemi wani wuri." Dole na tsaya bakin titi na cicciɓo Kawu. Kyamara ta ga motar, ba ta ga keken ba, sai tara. Mai motar ya ce in aka ƙara zai karɓe makullinsa, Kawu kuwa sai zaman ɗaki.

Jiya na sake samun Alhaji a gurbin. Na turo Kawu bayan motarsa, na danne birkin keken, na sayo wa Kawu shayi. Alhaji ya dinga hon, na ce, "Alhaji, sauko ka ɗauke shi ka ji nauyinsa."

Yanzu Kawu ya ce in je in ba Alhaji haƙuri, wai babba ne. Masu sauraro, tsakani da Allah, wa ya kamata ya ba wani haƙuri?