Sujadar Jumma'a da Na Raina

Mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Saratu, ina aikin gida a Mohandessin, nan Alƙahira.

Da na iso bayan juyin juya hali, sai na tarar Lahadi ranar aiki ce a Masar. Jumma'a ake hutu, ranar kuma cocinmu na baƙi yake sujada. Mama Rahila, wata dattijuwa 'yar ƙasarmu mai rainon yara a unguwar Dokki, ita take biyo mini. Takan ce, "Yalla, maza, 'yata, ɗaura ɗankwali mu tafi." Nakan ce, "Mama, tun tasowata Lahadi na sani, Jumma'a ba tamu ba ce." Takan ce, "Ma'alish, ba komai, amma wanda ya yi Lahadi ai shi ya yi Jumma'a."

A ganina riƙon bangaskiya nake yi, alhali Lahadi ina guga, Jumma'a ina barci.

Da ta daina zuwa, na ɗauka gajiya ta yi da ni. Ashe ciwo ne ya kwantar da ita. A coci aka sanar, matan zumunta suka yi jinyarta, ni ban ji ba sai bayan an binne ta.

Makon jiya na je sujada. Wata mata ta nuna mini kujerar da ke kusa da ta Mama, ta ce kullum Mama jakarta take ɗorawa a kai, tana cewa wurin Saratu ne.

'Yan'uwa, ku ba ni shawara. A tsaye na gama sujadar nan, na kasa zama.