Akanta da Ƙarshen Wata

A rumfar jiran mota ta bakin jami'a, wani malamin sashen akanta ya zauna kusa da wata dattijuwa. Tun safe yake farautar ɗalibai, don ajinsa na bana ya kusa zama wayam.

"Mama, ɗanki ne a nan?"

"Autata ce. Wai akanta take so, ni kuwa na ce sam."

Malam ya gyara zama. "Haba Mama! Banki na nemansu, asibiti na nemansu, har kamfanin jirgin sama. Akanta ba ya zaman banza."

"Ai shi ne abin, ɗan nan. Akanta na aura. Duk ƙarshen wata sai ofis ya haɗiye shi, wai suna rufe lissafi. 'Ya'yana kuma kamar sun haɗa baki, a lokacin suke zuwa duniya. Ko ɗaya bai ji kukansa na fari ba."

"Da ke nan, Mama. Yanzu kwamfuta ke yi, kafin la'asar an tashi."

"Madalla. Kai da matarka ta haihu, kana ina?"

Malam ya sosa ƙeya. "Lokacin ina aikin kamfani. Ƙarshen wata ne kuwa."

Ta kwashe da dariya har da tafa hannu.

"Ka ga halinku, ba ku iya ƙarya ba! Halin nan ne ya zaunar da ni gidan mijina. Ina ofishinka? Gobe zan turo ta. Ita dai mace ce, ko ofis ya ƙi ko ya so, ba za a yi haihuwar ba ta nan ba."