Wasan da ya raba ni da Yunus ɗan Sin

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sabi'u, ina lodi a wani sito a unguwar Mahjar, nan Jidda.

Iyalina suna Kano. A garin nan ba ni da abokin cin abinci sai Yunus, Musulmi ɗan ƙasar Sin, abokin aikina. Rannan muna cin shinkafa, wata tashar talabijin ta Turawa ta nuno 'yan Tibet masu neman ɓallewa daga Sin. Ni Bakano, na saba tsokanar Zazzagawa a yi dariya, sai na ce wa Yunus da wasa, "Yalla, maza ku sakar musu ƙasarsu mana!"

Yunus ya ajiye cokali. Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, da Turawan nan suka nuna Najeriya ba komai sai bam da yunwa, cewa ka yi ƙarya suke. Yau da suka taɓo tawa, sun zama masu gaskiya?"

Tun ranar, sai sallama kawai. Ina tausayin 'yan Tibet, amma wallahi ban san tarihinsu ba. Jama'a, ku ba ni shawara. Har yanzu shayi kofi biyu nake sayowa, ɗaya yana hucewa a gabana.