Wasan Mahautan Oko-Oba

A tashar motocin haya na danfo ta Agege a Legas, Iyatu, baƙuwa daga Zariya, ta kasa zama a benci. Ta tare wani dattijo mai jiran mota.

"Baba, an ce yau wasan kwaikwayo biyu ake yi, ni kuwa gobe zan koma gida. Wanne zan je?"

"Je ki na Isolo, 'yata. Sojoji suke kwaikwayo, tunda yanzu ba mai kama su. Sai cikinki ya ƙulle don dariya."

"Na mahautan Oko-Oba fa?"

"Kayya! Ai ya lalace tun rasuwar Uwaisu. Shi ke fitowa a oga mai gidan haya. Har Yarbawa ke cika wurin, su ji yana zazzaga mana masifa da yarensu."

"Uwaisun? A gida ko magana bai cika yi ba."

Dattijon ya dube ta. "Kin san shi ne?"

"Makon jiya na fita takabarsa. Sai a bakin 'yan gaisuwa na ji wai yana wasa."

"Allah ya jiƙansa. Wani ne ke sa rigarsa yanzu, 'yata. Ba za ki ji daɗi ba."

"Ba daɗi na zo ji ba, Baba. Wace mota ke zuwa Oko-Oba?"